Faransancin Saurin Intanet: Yadda Za Ka Auna, Ka Faɗa, A Biya Maka Buƙata

Duk wanda harka ta haɗa shi da Maraɗi, Damagaram, Yamai, Garwa ko Injamena ya san sau da yawa Hausa tana isar mutum a kasuwa da tasha da masallaci. Amma ranar da intanet ɗin shagonsa ya fara jan ƙafa, sai ya tarar saƙon da kamfani ya turo da Faransanci yake, takardar yarjejeniya da Faransanci, shafin saitin na'urar ma haka. Ko a Nijar, inda kundin da aka fitar a 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, Faransanci yana nan daram a matsayin harshen aiki, kuma da shi kamfanonin sadarwa suke yawancin rubutunsu.

Sana'ata haɗa intanet ce a shaguna da ofisoshi, kuma ina koya wa matasa aikin. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne kurakuran masu koyo ba sa canzawa: mutum ya kira kamfani ba tare da ya auna komai ba, ya rikita ma'auni biyu da suka yi kama a rubuce, ya sa hannu a takardar da kalma ɗaya a cikinta ta rushe alkawarin da yake zaton an yi masa. Ba sai ka iya Faransanci gaba ɗaya ba kafin ka kare haƙƙinka. Kalmomi 'yan kaɗan, lambobi, da gajerun jimloli sun wadatar, muddin ka bi su a jere. Ko layinka na Airtel ne, ko Moov Africa, ko Zamani, ko Niger Telecoms, ko kuma MTN da Orange da Camtel na Kamaru, kalmomin ɗaya ne.

Abubuwan da za ka tanada

- Waya ko kwamfuta mai manhajar auna sauri. Speedtest da Fast.com duk suna aiki, amma ga mai koyo na fi son nPerf, domin kamfanin Faransa ne ya yi ta, kuma tana nuna sakamako da kalmomin da ma'aikacin kamfani zai yi amfani da su.
- Ƙaramin littafi da biro, na rubuta awo kawai.
- Takardar yarjejeniyarka, ko saƙon da aka turo maka lokacin da ka sayi data.
- Igiyar haɗa kwamfuta da na'urar raba intanet, idan kana da irin wannan na'ura.
- Abokin da ya iya Faransanci, wanda zai saurari furucinka ya gyara.

Mataki na 1: Raba yawa da sauri

Kafin ka haddace kowace jimla, ka gane cewa abu biyu ake sayar maka. Na farko yawan data, wato *volume*, wanda ke cikin ƙunshin da ka saya, *forfait* (ana furta shi "forfe"). Na biyu saurin da datar ke iso maka da shi, wato *débit* ("debi", ba a furta harafin ƙarshe). Ka ɗauki tankin ruwa da famfo: *volume* shi ne ruwan da ke cikin tanki, *débit* kuma ƙarfin zubowarsa ta famfo. Tanki na iya zama cike famfo yana ɗiga.

Dalilin da ya sa wannan ya zo farko shi ne, idan ka ce wa ma'aikaci "rezo babu" ko "mega ba ya tafiya", abin da zai fara dubawa shi ne ragowar datarka, *solde*. Da ya ga akwai saura, sai ya ce komai lafiya, hira ta ƙare. Amma idan ka ce matsalarka *débit* ce, ya san gwajin layi ake magana. Kalmar *vitesse* ma tana nufin sauri kuma za a fahimce ka, sai dai *débit* ce ke rubuce a takardu, ita ya kamata kunnenka ya saba da ita.

Mataki na 2: Kalmomi uku na sakamakon awo

Kowace manhajar awo lambobi uku take bayarwa, kuma kowacce da ciwon da take nunawa.

*Débit descendant* ("desandan") shi ne saurin saukowar abu zuwa gare ka: kallon bidiyo, buɗe shafi, sauke takarda. Netflix, alal misali, yana ba da shawarar megabit 5 a daƙiƙa don hoto mai kyau, da 15 don mafi inganci.

*Débit montant* ("montan") shi ne saurin hawan abu daga gare ka: tura hotunan kaya ga abokin ciniki, ɗora bidiyo a Facebook, ko muryarka da fuskarka a lokacin kiran bidiyo. Yawancin layuka suna ba da saukowa fiye da hawa. Idan aikinka turawa ne, ka tambayi ko layin *symétrique* ne, wato hawa da sauka daidai suke.

*Latence* ("latans"), wadda ake kuma kira *ping*, ita ce jinkirin zuwa da dawowar saƙo, ana auna ta da *millisecondes*, a taƙaice ms. A nan ƙaramar lamba ita ce mai kyau. Ƙasa da 100 magana tana tafiya sumul; idan ta haura 300, kai da abokin maganarka za ku riƙa cin karo da juna. Intanet na tsoffin taurarin ɗan'adam da ke nisan kimanin kilomita 36,000 yakan kai 600, komai yawan megabit ɗinsa.

Ka kiyayi kalmar *télécharger*. Masu koyo suna ɗauka saukewa kaɗai take nufi, alhali a bakin mutane da yawa tana ɗaukar saukewa da ɗorawa duka. Idan turawa ce ta gagara, ka ce *envoyer*, ko ka ambaci *débit montant* kai tsaye, don kada a gwada ɓangaren da lafiyarsa ƙalau a ce maka ba a ga komai ba.

Mataki na 3: Bit da octet

A nan ne mafi yawan rigima take tashi. Abin da mutanen Najeriya suka saba gani a matsayin KB, MB da GB, a Faransanci Ko, Mo da Go ake rubutawa. Harafin "o" na *octet* ne ("okte"), kuma octet ɗaya bit 8 ne. Yawan data da girman fayil da octet ake auna su. Saurin layi kuwa da bit ake tallarsa: Mbit/s ko Mb/s, wato *mégabits par seconde* ("megabit par sigond").

Ga lissafin da ya kamata ya zauna maka a ka. Layin 20 Mbit/s, idan ka raba da 8, yana sauke Mo biyu da rabi a daƙiƙa. Fayil mai Mo 600 zai ɗauki minti 4. Idan layin ya faɗi zuwa 2 Mbit/s, fayil ɗin nan zai ci minti 40. Wanda bai san wannan ba zai sayi layin 20, ya ga kwamfuta tana nuna 2,5 Mo/s, ya tafi ofis yana faɗa an cuce shi, alhali cikakken abin da ya biya ake ba shi. Akasin haka ma yana faruwa: a nuna wa mutum babbar lamba da kbit/s ya yi murna, bai san 512 kbit/s rabin megabit ɗaya ba ne.

Tun da kowa "mega" yake cewa a baka, ka saba da tambaya ɗaya: *Mégabits ou mégaoctets ?* Matambayi ba ya ɓata.

Mataki na 4: Lambobi, waƙafi da agogo

Ƙorafinka lambobi ne, don haka sai ka iya faɗarsu ka kuma iya jinsu. Ka fara da 1 zuwa 20, sannan gomomi. Wurare huɗu ne ake tuntuɓe.

Na ɗaya, lambobin da suka yi kama a kunne ta waya: *deux* da *douze* (2 da 12), *trois* da *treize* (3 da 13), *six* da *seize* (6 da 16). Idan ka yi shakka, ka maimaita lambar ɗaya bayan ɗaya: *un, deux*.

Na biyu, daga 70 zuwa 99 lissafi ake yi. 70 shi ne *soixante-dix*, sittin da goma. 80 *quatre-vingts*, ashirin huɗu. 95 *quatre-vingt-quinze*, ashirin huɗu da sha biyar. Kada ka rubuta da jin kalmar farko. Ka jira a gama. Wannan yana da muhimmanci domin lambar waya bibbiyu ake karanta ta, kuma lambobin Nijar guda 8 ne, wato rukuni huɗu. Ka haddace taka a haka, tun da ita za a fara tambayarka.

Na uku, waƙafi. Inda Turancin Ingilishi ke sa ɗigo, Faransanci waƙafi yake sawa, sunansa *virgule*. 1,5 ɗaya da rabi ne: *un virgule cinq*. Idan ka ga 1,500 Mbit/s a allo, ɗaya da rabi ne har yanzu, ba dubu da ɗari biyar ba. Dubbai da tazara ake raba su: 1 500.

Na huɗu, lokaci da kuɗi. Agogon awa 24 ake bi: ƙarfe takwas na dare *vingt heures* ne, a rubuce 20h. A kuɗi kuma, Hausar kasuwar Nijar da dala take ƙirga, dala ɗaya sefa 5, amma Faransanci ainihin adadin yake faɗa. Dala ɗari ita ce *cinq cents francs*. Kada ka fassara ƙirgar kasuwa kalma da kalma wajen sayen *forfait*.

Mataki na 5: Ka auna kafin ka kira

Faransancinka komai kyansa ba zai yi aiki ba idan awonka gurgu ne. Ka cire sauran wayoyin da ke kan layin, ka dakatar da duk abin da ke saukewa, ka kashe VPN idan kana da shi. In da hali ka haɗa da igiya, *par câble*. In babu, ka tsaya kusa da na'urar, domin bangon siminti da nisa suna cin ƙarfin Wi-Fi, wanda masu Faransanci ke furtawa "wifi". Idan na'urarka tana nuna 2,4 GHz da 5 GHz, ka sani zangon Wi-Fi ne na cikin gida: na farko ya fi kai nisa, na biyu ya fi sauri a kusa. Ba shi da alaƙa da 5G na kamfanin waya.

Ka auna safe, rana da dare, na 'yan kwanaki a jere, ka rubuta da Faransanci tun daga farko:

*Lundi, 20h : descendant 2,1, montant 0,8, latence 280 ms.*

Amfanin wannan biyu ne. Kana koyon ranaku da lambobi ba tare da ka zauna karatu ba, kuma littafin zai nuna maka irin ciwon. Idan da safe lafiya, bayan isha'i sai rarrafe, to cunkoso ne na *heures de pointe*, lokacin da kowa ke kan layi. Idan dare da rana lamba ɗaya ce ƙarama ba ta motsi, wataƙila an rage maka sauri ne da gangan bisa sharaɗin da ke mataki na gaba. Idan kuwa duk gari ne ke kuka, matsalar ta fi ƙarfin na'urarka. Nijar da Cadi ba su da teku, intanet ɗinsu yana bi ta ƙasashen maƙwabta kafin ya kai manyan igiyoyin ƙarƙashin ruwa. A ranar 14 ga Maris 2024 da wasu daga cikin igiyoyin nan suka lalace, ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma sun wuni cikin matsala. A irin wannan rana abin tambaya shi ne ko akwai *panne générale*, wato lalacewa ta gama-gari.

Mataki na 6: Karanta ƙananan rubutu kafin ka biya

Kalmomi kaɗan ne ke yanke hukunci a takardar talla ko yarjejeniya.

*Jusqu'à* ("juska") tana nufin "har zuwa". *Jusqu'à 50 Mbit/s* rufi ne, ba alkawari ba. Ko 5 ka samu ba a saɓa rubutun ba. Abin da za ka nema shi ne *débit garanti*, saurin da aka lamunce, ko *débit minimum*. Haka kuma *débit théorique* na takarda ne, *débit réel* shi ne wanda manhajarka ta auna.

*Illimité* na nufin mara iyaka, amma ka duba ko a ƙasa an rubuta *débit réduit au-delà de*, sai adadin Go. Ma'anarsa, da ka wuce wannan adadi ba za a yanke ka ba, sai dai a rage sauri. A baka ana cewa layin *bridé* ne, an sa masa linzami.

*Partagé* layi ne da kake rabawa da wasu, *dédié* kuma naka kai kaɗai, shi ya sa ya fi tsada nesa ba kusa ba. *Validité* shi ne wa'adin ƙunshin, *forfait nuit* na dare ne kawai, *engagement* kuma yana ɗaure ka na wasu watanni ko da ka daina jin daɗin layin. *Haut débit* da *très haut débit* sunaye ne na rukuni. A Faransa na biyun yana farawa daga 30 Mbit/s, amma kai ka nemi a rubuta maka lamba.

Tambayoyi uku kafin sa hannu:

*Est-ce que le débit est garanti ?* An lamunce saurin?
*Le débit est-il réduit après un certain volume ?* Ana rage sauri bayan wani adadi?
*La ligne est partagée ou dédiée ?* Layin na tarayya ne ko nawa ni kaɗai?

Mataki na 7: Kiran kamfani

Ka fara da gaisuwa, *Bonjour Monsieur* ko *Bonjour Madame*, kuma ka riƙe *vous* har ƙarshe. *Tu* ta aboki ce da yaro. Amfani da ita ga ma'aikacin da ba ka sani ba kamar raini ne, ko da ba ka nufa ba. Daga nan ka jero bayaninka a wannan tsari: matsala, tun yaushe, lamba, abin da ka riga ka gwada, buƙata.

*Je vous appelle pour un problème de connexion.* Na kira ne kan matsalar intanet.
*Ma connexion est très lente depuis trois jours.* Kwana uku ke nan yana jan ƙafa sosai.
*J'ai fait un test de débit.* Na auna sauri.
*J'ai deux mégabits en descendant au lieu de vingt.* Megabit biyu nake samu a saukowa maimakon ashirin.
*Ça coupe tous les soirs vers vingt heures.* Yana yankewa kullum wajen takwas na dare.
*J'ai déjà redémarré le routeur.* Na riga na kashe na'urar na kunna.
*Est-ce qu'il y a une panne dans mon quartier ?* Akwai lalacewa a unguwarmu?

Ka bambanta kalmomi uku: *lent* jinkiri ne, *coupure* yankewa ce tana dawowa, *panne* tsayawa ce gaba ɗaya. Kowacce hanyar bincikenta daban, kuma idan ka faɗi wadda ba ita ba, ka tura mai gyara inda babu ciwo.

Rabin aikin kuma sauraro ne. Tambayoyinsu ba sa wuce waɗannan: *Depuis quand ?* (tun yaushe), *Combien d'appareils sont connectés ?* (na'urori nawa ke kai), *En Wi-Fi ou par câble ?*, *De quelle couleur est le voyant ?* (wane launi ƙaramar fitilar take). Amsarka *vert* kore, *rouge* ja, ko *il clignote*, tana ƙiftawa. Umarninsu kuma *éteignez* kashe, *allumez* kunna, *débranchez* zare, *rebranchez* mayar. Idan ka ji *ne quittez pas*, kada ka ajiye waya, cewa aka yi ka dakata. In an yi maka sauri, babu kunya a ce *Plus lentement, s'il vous plaît*, a hankali don Allah. Kuma ba laifi ka tambaya *Vous parlez haoussa ?* Sau da yawa za ka dace, sai dai ko da Hausa aka koma, lambobi da sunayen ma'auni da Faransanci za su fito.

Hatsari biyu a nan. Na farko, *redémarrer* da *réinitialiser* ba ɗaya ba ne. Na farkon kashewa da kunnawa ne, ba ya ɓata komai. Na biyun yana goge duk saitin na'ura, har sunan Wi-Fi da kalmar sirri da bayanan da mai haɗawa ya shigar, ya mayar da ita yadda ta fito daga kwali. Kada ka danna ƙaramin maɓallin *réinitialiser* da ke cikin rami a jikin na'urar sai ka tabbata shi aka ce, kuma kana da bayanan sake saitawa. Na biyu, ma'aikacin gaskiya ba ya buƙatar *code secret* na asusun kuɗin wayarka don ya gyara sauri. Duk wanda ya kira ka da Faransanci mai santsi ya nemi wannan lamba, ko lambar da aka turo maka ta saƙo, ɗan damfara ne, ka katse.

Mataki na 8: Kada ka ajiye waya babu shaida

Jimloli biyu na ƙarshe su ne: *Quel est le numéro de ma réclamation ?* da *Quand est-ce que le technicien va passer ?* Wato lambar ƙorafinka, da ranar zuwan mai gyara. Ka rubuta lambar, ka karanta masa ita ya tabbatar. Idan babu ita, kiranka na gaba daga farko zai soma. In an yi ta jan rai, ka kai ƙorafi a rubuce ofishin kamfanin, haɗe da awonka, ka nemi a buga hatimi a kwafinka. Sama da kamfanoni akwai hukumar da ke sa musu ido: ARCEP a Nijar da Cadi, ART a Kamaru. Su ma lambobi da ranaku za su nema.

Yadda za ka sa abin ya zauna

Ka mayar da harshen wayarka Faransanci na mako biyu. Kullum za ka ci karo da *paramètres*, *données mobiles*, *partage de connexion* da *itinérance*. Wannan ta ƙarshe ita ce amfani da layinka a wata ƙasa, kuma masu zirga-zirga tsakanin Jibiya da Maraɗi ko Illela da Ƙonni su kula da ita, don tana iya cinye kuɗin waya cikin ɗan lokaci. Kowane dare ka yi awo ɗaya, ka karanta sakamakon da ƙarfi. Sau ɗaya a mako abokinka ya zama ma'aikacin kamfani, ya yi maka tambayoyin mataki na 7 ta waya, ba ido da ido ba, domin a waya ne kunne ke gazawa.

Shawarata ga ɗan'uwa mai koyo ita ce kada ka jira ranar da layi ya tsaya kana tsakiyar ciniki. Yau ɗin nan ka auna layinka, ka rubuta lambobi ukun da Faransanci, ka ɗauko takardar da ka sa wa hannu ka duba ko *jusqu'à* aka rubuta ko *garanti*. Idan na farkon ne, ka san abin da za ka tambaya kafin ka sake biyan kuɗin wata.